Injin Taliyar Gwaggo Hsiao da Kwamitin Nazari

Ranar Litinin na fito da kwanona kamar kullum, sai na tarar da Gwaggo Hsiao zaune a ƙofar shagonta ta zuba tagumi, tukunyar romo tana ta tafasa a banza. Injin taliyarta ya tsaya. Wani faifan ƙarfe mai haƙora ne ya karye a ciki, kamfanin da ya ƙera injin kuwa ya rufe tun ina firamare. Duk layinmu taliyarta muke ci, ita kuma da sana'ar take riƙe kanta tun rasuwar mijinta.

"Liao, ba kai ne maƙerin unguwa ba?" in ji ta. "Ko injinan naka na kwalliya ne?"

Na ce ta kwantar da hankalinta. Aikin ba wuya: a zana faifan a kwamfuta, irin zanen da ake jujjuyawa a ga tsawo da faɗi da kauri, a tura wa injin sassaƙa ya yanko shi. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ba ni da manhajar zanen.

Ga yadda aka yi. Bara aka tara mu ƙananan maƙera a wani ɗakin taro, Mai Girma Sarkin Almakashi, babban jami'in nan da bikin yanke ƙyalle ba ya wuce shi, ya zo da tawagarsa ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce zamanin bautar manhajoji masu tsada ya wuce, kowa ya koma Linux, tsarin kwamfutar da ake bayarwa kyauta. Manhajar zane kuwa, ofishinsa zai samar mana nan ba da jimawa ba. Aka yanke ƙyalle, aka raba mana huluna. Ni da saurin yarda, ina isowa gida na goge tsohon tsarin kaf, har da manhajar da nake zane da ita. Tun daga nan da tsofaffin zane-zanen da na adana nake lallaɓa sana'a. Hular dai tana da kyau, ba zan ci amanarta ba.

Na fara kiran dillalai. Na farko ya ce tasu ba ta hawa Linux, ya yi mini jaje. Na biyu ya ce tasu tana hawa, ya faɗi farashin, na ga kuɗin sabon babur ne. Na ce to, in na saya ai ta zama tawa. Ya ce a'a, haya ce, baɗi ma sai wani baburin.

Sai na nufi ofishin Mai Girma. Na ciri lamba, na bi layi har ƙafata ta yi tsami. Wata jami'a mai fara'a ta shaida mini cewa an kafa kwamiti, kuma kwamitin yana ƙasashen waje yana nazarin yadda ake samun abin kyauta. Na yaba. Tafiya mai nisa haka saboda mu, ba kowa zai iya ba. Da na leƙa kwamfutarta sai na ga tsohon tsarin nan da aka ce mu rabu da shi.

"Mataki-mataki ake sauyin," in ji ta. "Da jama'a aka fara."

A hanyar dawowa na tsaya wurin maƙwabcina Pan, mai gyaran babura. Ya saurare ni yana taunar goronsa, sannan ya ce ya san wani a bayan tasha mai sayar da manhajar sata. Na ƙi. Ba don tsarkin zuciya ba, jama'a: ta satar ma ba ta hawa Linux.

"Ka ga ƙarshen mai tafi a taro," in ji Pan. "Sanya hular, ka zana da ita mana."

Haushinsa ne ya zaunar da ni gaban kwamfuta ina bincike. Ashe akwai manhajar zane da wasu 'yan sa-kai suka haɗa, kowa daga ƙasarsa, ba sa karɓar ko sisi. Na sauke ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, tana da taurin kai. In ka danna nan, can ne zai motsa. Na dai zana faifan, na tura wa inji, na tafi shan shayi. Ina dawowa na tarar da abu kamar maɓallin riga, haƙoransa cif-cif, kyakkyawa, amma na injin taliyar tururuwa. Pan ya roƙe ni in ba shi ya ɗinka a rigarsa.

Na rubuta kukana a dandalin intanet na masu manhajar. Kafin shayina ya huce wata mata daga wata ƙasa mai ƙanƙara ta amsa cewa ma'auni na rikita, ta nuna mini inda zan gyara. Ba ta ce in ciri lamba ba. Faifai na biyu ya zauna daram a injin Gwaggo. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, taliya ta fara zubowa. Gwaggo Hsiao ta juya baya tana goge ido, wai tururi ne.

Jiya aka sake tara mu. Kwamiti ya dawo, kowa ya yi ƙiba. Mai Girma ya karanta sakamakon: a halin yanzu babu manhajar kyauta da za ta iya aikin gaske, ana buƙatar ƙarin tafiya. Muka tafa. Abincin rana kuwa daga shagon Gwaggo aka yi odarsa. Mai Girma ya cinye kwano, ya nemi ƙari, ya sa aka kira ta ya tambayi sirrin laushin taliyar. Ta waiwayo ta dube ni. Na girgiza kai da ƙarfi.

"Ruwan kwaɓi ne kawai, ranka ya daɗe," in ji ta.

Na san halinsu. In suka ji labarin faifan nan, kwance shi za su yi su tafi da shi nazari. Saboda haka ku ma da kuke karantawa, don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu.