Sarkin Dawa na Hawa na Bakwai

Idan ana lissafin masu ƙaunar daji da teku a birnin Oslo, to a fara da Halvard Rustad, sannan a huta kafin a ambaci wani. Shekara ashirin yana aiki a hawa na bakwai na wani ofishin inshora, kuma babu Litinin ɗin da za ta wuce bai yi wa abokan aiki huɗuba ba. "Birni kurkuku ne," yakan ce, yana jingine da na'urar ɗumama ɗaki. "Ni jinina na duwatsu ne da iskar teku." Suka laƙaba masa Sarkin Dawa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Matarsa Ingunn 'yar wani tsibiri ce can arewa. Da mahaifinta ya rasu ya bar mata gida a bakin ruwa, ga mai saye yana jira, ita kuma ranta na son komawa. "Mu je mu yi mako guda a Fabrairu," ta ce. "In ka ga za ka iya zama, ba zan sayar ba." Halvard ya yi dariya, ya ce wa ya taɓa tambayar agwagwa ko ta iya ruwa? Ya sayo riga mai ruɓi uku, da wata wuƙa da bai san abin da zai yanka da ita ba.

Tsibirin dai kyau kamar a sace shi. Duwatsu farare fat sun miƙe daga cikin teku, kifi rataye a katakai yana shan iska. Sai dai gidan surukin nasa irin na da ne. Bayan gida ɗan ɗakin katako ne a ƙarshen fili, taku arba'in daga ƙofa, kuma al'adar gidan ita ce wanda ya fara tashi shi ke ɗaukar shebur ya buɗe hanya cikin dusar ƙanƙara. Safiyar farko Sarki ya buɗe hanya, ya zauna a kan katakon masai, iskar tekun da yake bege ta zo ta ƙasa ta yi masa maraba. Bai ƙara taka wurin ba.

Daga ranar, gari na wayewa sai ya ce zai je ya gaisa da teku. Sai ya yi tafiyar rabin awa zuwa kanti ɗaya tilo na tsibirin, na wata tsohuwa Oddny, inda akwai bayan gida mai ɗumi. Ingunn tana hango shi ta taga yana kutsawa cikin sanyi, sai tausayi da farin ciki su cika ta. Ita ta riƙa share hanyar da kanta.

Ranar ban kwana maƙwabta suka taru, aka dafa kifi da hantarsa da ƙwansa. Halvard ya miƙe, ya gyara murya.

"Ku ne mutane," ya ce. "Duk wanda ya ɗanɗani wannan wuri ya koma shaƙar hayaƙin motoci, a duba lafiyar kansa."

Ingunn ta share hawaye. "Kullum sai ya je ya gaisa da teku, ko shayi bai sha ba. Shi ya sa ɗazu na kira mai saye na ba shi haƙuri. A Afrilu za mu tare."

Baki shi ke yanka wuya. Sarkin Dawa ya koma ya zauna a hankali. Oddny ta laluba aljihu, ta turo masa wani ɗan mabuɗi a kan tebur.

"To maƙwabci, tunda zama ya kama ka, riƙe wannan," ta ce. "Ni na tsufa da saukowa daga saman kanti ƙarfe bakwai da rigar barci don in buɗe maka teku."