Dabinon Korau

A wani ƙauye na bakin fadama akwai wani bawan Allah, Korau, wanda abin da kunnensa ya ji shi ƙafarsa ke bi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da yayarsa Tabawa da 'yarta Ladiyo, mai shekara takwas da ciwon suga. Duk duniya ba abin da Korau ke so kamar yarinyar nan, sai ko kallon gajimare.

Wata rana malamar asibiti ta ce allura kaɗai ba ta isa, a riƙa zagaya gari da Ladiyo kullum. Korau ya saɓa ta a kafaɗa, ya yi ta zagaye har kwana bakwai. Shi ya rame, ita tana ta gyangyaɗi a kansa. Da aka auna, suga yana nan daram.

"Da ƙafarta za ta taka!" in ji Tabawa. "Kada ku dawo sai ta yi gumi."

Wata rana kuwa gari ya yi luf, hadari ya rufe rana, iska mai sanyi tana kaɗa gero. Gumi ya ƙi zuwa, shi ko Korau ya ƙi juyawa. Sai a amalanke aka dawo da su daga ƙauye na uku, Ladiyo tana rawar jiki. Tabawa ta tsorata ƙwarai. Malama ta ce doguwar tafiya kan sauke suga fiye da kima, har yaro ya suma.

"Duk inda take wasa, a ajiye dabino uku," in ji ta. "In suga ya sauka, ta ci."

Wata rana Korau ya zaunar da Ladiyo. "A ina da ina kike wasa?"

"Gindin tsamiya, Kawu. Bayan makaranta. Da tsohuwar kukar nan ta hayin fadama."

"Kin taɓa zuwa?"

"A mafarki."

To, ai malama ba ta ce ban da mafarki ba. Ya ƙulla dabino uku-uku a tsumma, ya bi ko'ina yana ratayewa, har kukar. Tabawa ta yi faɗa kamar ta ari baki, mudu guda ya salwanta.

Ran Juma'a aka nemi Ladiyo aka rasa. Ashe balbela ta bi da gudu, har ta tsallake fadama. Korau ya riga kowa isa hayin. Ya same ta jingine da kuka, rigarta sharkaf da gumi, ƙwallon dabino uku a tafin hannunta.

"Ƙafafuna suka mutu, Kawu, ido ya yi duhu. Na ɗaga kai, sai ga tsummanka yana lilo."

Tabawa ta rungume 'yarta tana kuka. Korau kuwa sama yake kallo.

"Yaya, jiya ta yi mafarkin tana wasa a kan gajimare. Wa ke da dogon tsani?"