Baƙin da Na Gayyato wa Gonar Malam Isufu

A Liyon da Istambul na ga tsofaffi suna watsa wa tsuntsaye hatsi, ana kallonsu da girmamawa. Da na dawo Matamaye, na ce ni ma ba za a bar ni a baya ba.

Na ajiye faranti cike da gero a lambun bayan gida, na ja kujera. Hajiya ta ce, "Alhaji, hatsi fa ya fara nuna a gonaki." Na ce mata ba ta zaga duniya ba.

Kurciyoyi biyu suka fara zuwa, har na yi musu maraba da Faransanci. Sai jan-baki suka samu labari. Suka share farantin, suka tsallake danga zuwa gonar maƙwabcina Malam Isufu, abincin iyalinsa na shekara.

Ya yi sallama, ya gaishe ni a natse, sannan ya ce, "Alhaji, baƙinka sun gama da naka, sun koma nawa."

Har girbi ina cikin gonarsa da babbar riga, ina kaɗa gwangwani ina ihu. Geron ya tsira, ban da gefe guda.

Yanzu ko tsuntsaye suka gifta ta saman kasuwa, sai wani ya ɗaga murya: "Alhaji, iyali sun iso, a ɗora tukunya!"