Gyaɗa Ta Riga Ni Zuwa Suna

Jama'a, jiya na sauka Kabo daga Ibadan, kuma ina roƙon kada kowa ya ƙara tambayata yadda aka yi suna. Zan faɗa sau ɗaya a nan, in huta.

Ɗana Ja'afaru, mai sayar da goro a can, ya aiko waya cewa an samu namiji bayan mata biyu. Yaron kirki ne mai kunya, ba zai zaɓi suna da kansa ba, sai babba daga gida ya je ya raɗa wa liman. Ni kuwa na riga na zaɓa: Dalhatu, sunana. Na kai sittin ban da takwara ko ɗaya, abin yana ci mini rai.

Da Mai Girma Sarkin Alkawari ya cika maganarsa, da daga Gwarzo zan hau jirgi. Kun tuna shekarar da ya zo neman ƙuri'a, aka kafa turaku a jere, aka ce nan layin dogo zai bi? Allah ya saka masa, turakun na da ƙwari. Har yau a jikinsu muke ɗaure awaki.

Sai na bi mota zuwa Kano. A tasha na haɗu da maƙwabcina Haladu, wanda wani dillali ya ɗauka ya raka buhunan gyaɗa zuwa kudu.

Ya ce, "Malam Dalhatu, zo mu hau taragon kaya. Akwai wuri a kan buhu."

Na gyara babbar rigata na ce, "Haladu, ni fasinja ne. Da tikitina."

Bayan Zariya jirginmu ya tsaya a wata 'yar tasha. Ɗaki ɗaya ne da rijiya da bishiyar mangwaro, sai wani dattijo mai kula da wurin, riƙe da tutoci biyu. Na tambaye shi me muke jira, ya ce jirgin gyaɗa. Manya sun ba da oda: gyaɗa tana da jirgin ruwa da ke jiranta, mutum kuwa ba mai jiransa.

Jirgin gyaɗa na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku sai ga Haladu a kan buhu, ya miƙe ƙafa, yana ɗaga mini hannu.

"A gaida fasinja!"

A nan ya kamata in ɗora wa manya laifi duka, to amma ina tsoron Allah. Gaskiya tashar nan ta shiga raina. Ba turereniya, ba ɗan dako mai taka maka ƙafa. Wata Bafulatana, Yelwa, ta dama mini furar da rabona da irinta tun Inna tana da rai. Dattijon ya shimfiɗa mini tabarma bayan ɗakin, inda iska ke kaɗawa, ya tambayi damina a wajenmu. Ni kuma da na samu mai saurare, sai na buɗe baki: turakun Gwarzo, motocin manya, yadda ni na noma gyaɗar nan amma ta fi ni daraja. Dattijo ya ce, "Malam, bari in je in dawo." Na ce ya je, na juya kan Yelwa na ci gaba.

Ashe tutar ya je ɗagawa. Na ji kukan jirgi sarai, na ce wa Yelwa, "Kin ji ko? Wata gyaɗar ce kuma." Sai da na kai ƙarshen jawabina na leƙo, na hango taragon ƙarshe na jirginmu yana shan kwana da butata da ƙullin kayana.

Kwana biyu na yi a wurin kafin wani jirgin fasinja ya zo. Ba zan ɓoye muku ba, har ƙiba na yi.

Na isa Ibadan washegarin suna. Ja'afaru ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba, mun jira har rana ta ɗaga. Liman ya ce a kawo babba daga gida. To, Baba Haladu ne kaɗai ya iso."

"Wane suna ya raɗa?"

Sai ga Haladu ya fito daga zaure yana sakace, ya ce, "Ka san ni ba malami ba ne. Wanda na fi sani na faɗa."

Aka miƙo mini jaririn. Hancina ne, goshina ne, sunan Haladu. Na yi masa addu'a, hawaye ya zubo mini, na ce hayaƙin jirgi ne. Matan gidan kuma, don kada su kama sunan babba, har sun laƙaba masa Maigyaɗa.

Na gaya wa mai ɗakina Furera ta ware mini buhu ɗaya mai kyau daga na bana. In aka sake haihuwa a Ibadan, a ɗinke ni ciki, a rubuta lamba a baya. Roƙona ɗaya, kada a ba Haladu aikin raka ni.