Nakande da Tarihin da Ya Ƙi Buɗuwa

A gidan marigayi Sarkin Aska mutum biyu suka rage: Talatu mai shagon buga takardu, da ƙanenta Nakande. Nakande ya yi gemu, yana da tsabta da ladabi, ya kuma iya kwamfuta. Amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ina son yaron nan, amma wawa ne, Allah ya shirye shi.

Malam Barmo, tsohon malamin makaranta, ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta tarihin garin. Da ciwo ya kwantar da shi, burinsa ɗaya ne: ya ga littafin kafin ya cika. Talatu ta buga masa shi duka a kwamfuta cikin fayil guda, ya yi nauyin da in an taɓa shi sai kwamfutar ta sandare.

Wata rana Talatu za ta gidan suna, ta danna fayil ɗin, ta ce wa Nakande, "Zauna nan. Kada ka taɓa komai sai ya buɗe." Ya naɗe hannu. Akuyar maƙwabta ta shigo, ta sami takardun Malam na rubutun hannu a kwali, ta hau ci. Talatu ta dawo ta tarar da wutsiya na kaɗawa a kwalin.

"Innalillahi! Kana kallo?"

"Yaya, bai buɗe ba tukuna."

Tarihin gari kaf ya koma sai abin da ke cikin kwamfuta.

Wata rana kuma, da fayil ɗin ya samu ya buɗe da ƙyar, ta ce, "Raba shi ƙanana-ƙanana, yadda za ta iya ɗauka." Nakande ya ba kowane layi fayil nasa. Allon ya cika kamar an zubar da gero. Talatu ta ɗora hannu a ka. Sai da idonta ya yi ja kafin ta haɗa su babi-babi.

Wata rana aka aiko cewa jikin Malam ya yi tsanani. Talatu ta tuna ta buga wani sakin layi sau biyu a babin ƙarshe. Tana yafa gyale za ta je duba shi, ta ce wa Nakande, "Inda ka ga an maimaita magana, goge ɗaya." Nakande ya faro daga babin farko. Ya yini yana gogewa. Da ta dawo ta haɗa babobin, fayil ɗin ya buɗe nan take, bai kai rabin na da ba.

"Na shiga uku! Nakande, ka kashe ni! Ina sauran?"

"Maimaici ne, Yaya."

Ba yadda za ta yi. Ta buga abin da ya rage a takarda, suka kai wa Malam. Aka jingina shi da matashin kai, tana karantawa yana saurare. Tana jira ya ce ina kaza, bai ce ba. Har ƙarshe ba sarki ko rijiya ko yaƙin da ya ɓace.

Malam ya share hawaye. "Talatu, ashe haka na iya magana? Wa ya gyara?"

Nakande ya durƙusa. "Ni ne, Malam. Labarin rijiyar kasuwa kusan kowane babi sai ka ba da shi. Na bar maka guda, wanda ya fi daɗi."

Malam ya yi dariya har da tari, ya rungume littafinsa, ya ce a kawo masa kunu.