Agogon Baban Rahila

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Rahila a Rikoto ba, ko da kuwa zan manta sunana. Ni mai gyaran waya ne, kuma a lokacin gani nake duk abin da ke da murfi a duniya zan iya buɗe shi. Rahila ta riga ta ja min kunne: Baba tsohon soja ne, in bai yarda da mutum ba, maganar aure ta mutu.

Muna cikin gaisawa, ya zaro wani agogon aljihu mai sarƙa, wanda mahaifinsa ya dawo da shi daga yaƙin Bama. Ya ce kwanan nan jinkiri yake yi. Mai hankali zai ce "Allah sarki" ya yi shiru. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, "Baba, kawo shi, ƙaramin aiki ne." (Rahila na ta kaɗa min kai daga bakin ƙofa, na ɗauka yaba min take.)

Na buɗe bayan agogon. Ga wani ɗan faifai mai haƙora yana son juyawa, ga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu yana tare shi. Ya saki haƙori ɗaya, ya cafke na gaba, ya saki, ya cafke. Wani zobe kuma na lilo a samansa. Dariya ta kusa kuɓuce min. Yo ina agogo zai yi sauri, ga mugu ya tsare hanya?

"Baba, na gano mai laifin," na ce.

Na kwance 'yan kusoshi, na ɗage zoben, na sa hantsaki na tsame ɗan ƙarfen.

Firrrr! Agogon ya ɗauki kuka kamar tsanya. Hannuwansa suka shiga tsere, azahar ta wuce, la'asar ta wuce, kafin in haɗiye yawu mun kwana mun tashi. Sai ya yi tsit. Wallahi ji na yi da ƙasa za ta tsage, da na shige har da takalmina.

Baba ya daɗe yana kallon agogon. "Mi ka cire mashi?"

"Abin da ke hana shi gudu, Baba."

"To wa ya ce maka gudu nike so? Wannan shi ne sajan ɗinsu, shi ka ba su hagu-dama. Ka cire sajan, ai fareti ya watse!"

(Daga baya na duba a waya. Ashe ƙarni guda da wani abu maƙeran Turai suka yi suna fama kafin su dace da wannan ɗan ƙarfe, wanda ke sakin ƙarfin wanin da aka yi wa agogo kaɗan-kaɗan. Shi ne ma mai ƙas-ƙas ɗin da ake ji. Ni na kore shi daga aiki kafin in shanye ruwan da aka kawo min.)

Na fara tattara kayana, na san na rasa Rahila. Sai Baba ya ce, "Zauna. Da na yi niyyar yafe maka golmo." Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukai a al'adarmu. "Amma wannan hannu naka, fartanya ta dace da shi. Gonata tana Dabai."

Daminar nan kaf a duƙe na yi ta, kuma na auri Rahila. Yanzu in na ga abu ya tare hanya, sai na tambayi wanda ya ajiye shi kafin in taɓa.