Awa Ɗayar da Ta Sauke Ni Daga Kujerar Uban Taro

Ranar Lahadin da ta wuce na yi abin da ba a taɓa yi ba a danginmu: na je taro da wuri. Ba da gangan ba ne, kuma ina roƙon duk wanda ya san 'yan'uwana a Funtuwa ya rufa min asiri.

Misbahu, wani injiniya ɗan garinmu da ke Greenbelt a nan Amurka, shi ya shirya walimar sunan ɗansa na fari a wani zauren haya, ya kuma buga sunana a kati a matsayin Uban Taro. Tunda na zo ƙasar nan, muƙami mafi girma da na taɓa riƙewa a taro shi ne nuna wa baƙi wurin ajiye mota. Kujerar Uban Taro ta Dakta Auwalu ce, kamar gadonta ya yi. Wannan karon Misbahu ya tsallake shi ya zaɓe ni, ko don furfurata, ko don jawabin Dakta ba ya ƙarewa sai miya ta huce.

Ga wanda bai sani ba, aikin Uban Taro ɗaya ne: ya shigo a ƙarshe. Jawabi ƙari ne kawai. Kati ya ce ƙarfe biyu, kowa kuwa ya san biyun kati uku ce. Shi Uban Taro sai jama'a sun zazzauna, an fara leƙen ƙofa, sannan ya shigo a hankali yana gyara hannun riga, kowa ya miƙe. In ya riga mutane zuwa, to ba uba ba ne, mai jin yunwa ne. Saboda haka na tsara shigata uku da rabi.

Da na tashi da safe, Hasiya, matata, ta riga ta tafi gidan Misbahu taya mata suyar waina. Sai na tarar ana rigima a gidana. Agogon bango, da na jikin oben, da na hannuna sun faɗi lokaci guda, waya kuma ta ware kanta ta ja baya da awa ɗaya. Na sauka na tambayi agogon mota, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Huɗu da ɗaya ke nan. Ni kuwa mutum ne da ya daɗe a ƙasar dimokuraɗiyya, don haka na bi masu rinjaye, na yi wa wayar tsaki, na jefa ta aljihu.

Na isa zauren cikin babbar rigata ta shadda, da hula zanna, da turaren da Hasiya ta ɓoye don Sallah. Filin mota fayau, ba kowa. A bakin ƙofa wata Ba'amurkiya ce tsaye da tarin makullai. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce kayana sun yi kyau, sannan ta ce ta ji daɗi da aka turo mai shirya kujeru, don bayanta na ciwo. Na buɗe baki zan yi mata bayanin Uban Taro da Turanci, sai na ga ba shi da fassarar da za ta hana ni ɗaukar kujera. Na naɗe hannun riga a kafaɗa.

Ina cikin jera layi na uku ta tambaye ni ko na ji daɗin ƙarin barcin da aka samu jiya. A nan ne na tuna. Lahadin farko ta Nuwamba, an mayar da agogo baya cikin dare. Wayar ce mai gaskiya, masu rinjaye ne suka ɓata.

To, bari in tsaya nan in miƙa gaisuwa ga Masu Girma Iyayen Agogo, Allah ya ja zamaninsu, gaba a Maris, baya a Nuwamba. Ban san fuskarsu ba, amma ina jin suna da wani ɗaki mai sanyi inda suke ajiye awar da suka karɓa a hannunmu farkon bazara, su riƙe ta wata da watanni, su dawo mana da ita a tsakar dare lokacin da ba mai iya amfani da ita. Wannan ai riƙon amana ne. A gida in an karɓi abu a hannun talaka, ya tafi ke nan.

Kuma ba zan yi butulci ba, tsarin yana da alherinsa. Da zafi rana takan daɗe ba ta faɗi ba, mutum ya taso daga aiki ya gasa nama a bayan gida, har ya ƙona shi yana gani da idonsa. Yanzu kuma da aka koma baya, yara suna jiran motar makaranta cikin haske. An ce ma ana tsimin wuta. Na yarda, don ni ban taɓa yi wa manya musu ba, ko da yake a gidana wutar da ba mu kunna da yamma ba ita muke kunnawa da safe.

Amma ranku ya daɗe, akwai 'yan ƙorafi. Daga yanzu Azahar da La'asar da Magariba duk a ofis za su same ni, ina shimfiɗa darduma a bayan injin kwafi sau uku kamar mai gadinsa. Shekarar da aka tura agogo gaba ana tsakiyar azumi kuwa, na zauna gaban dabino a daidai lokacin da na sha ruwa jiya, rana tana tsaye tana kallona ta taga. Da na yi wa Hajiyata bayanin abin a waya, sai ta ce, "To ita ranar an gaya mata?" Na ce ban ji an tura mata takarda ba. Ta ce gwamnatin da ta gama da ruwa da wuta ce kawai za ta sami sukunin taɓa agogo, in gode wa Allah.

Maƙwabcina Katung, nas ne ɗan Kudancin Kaduna mai aikin dare, shi ko godiyar ba ya yi. Ya ce min, "Malam, awar nan da kuka samu kuna minshari, ni a tsaye na yi ta sau biyu. Na duba agogo ya ce ɗaya, na zagaya marasa lafiya na dawo, ya sake cewa ɗaya." Ya ce duk shekara yana jin an kusa daina wannan abu, kuma yana ganin alkawarin ma an mayar da shi baya da awa ɗaya.

Mu koma zaure. Na gama jera kujeru, har da babbar kujera mai hannu da aka tanada domina, na goge ta da gefen rigata. Sai na hango motar mata masu kulolin abinci tana shigowa. In suka gan ni a nan, kafin La'asar labari ya kai Funtuwa. Na fice ta ƙofar baya, na sunkuya a bayan motoci, na shiga tawa. Dabarata mai sauƙi ce: in hau Beltway, babban titin da ya kewaye birni, in ɗan zaga, in kashe awar da Masu Girma suka ba ni kyauta, in dawo in shigo kamar yanzu na baro gida.

Wanda ya san Beltway ya riga ya san sauran labarin. Ban yi nisa ba muka tsaya cik. An rufe layi biyu ana wani aiki, ma'aikatan kuma ban ga ko ɗaya ba, wataƙila su ma agogon oben suka bi. Misbahu ya kira, na ce ga ni nan a hanya, wanda gaskiya ne. Ya sake kira, na sake faɗin gaskiya. Hasiya ta kira, ban ɗauka ba. Ina nan zaune cikin shadda da turare har rana ta faɗi, da wuri, kamar yadda aka tsara mata.

Da na shiga zauren, ba wanda ya miƙe, don kowa yana riƙe da faranti. Dakta Auwalu yana kan kujerata, ya baje riga, yana rufe jawabi. Cikin godiyar da yake jerowa har ya yi addu'a ga bawan Allahn da ya shirya kujeru ba tare da ya nemi a san shi ba, ya ce irin waɗannan su ne gishirin al'umma. Na ce amin tare da jama'a.

Da na tsira a haka, da ban rubuta wannan ba. Amma sai ga mai makullai ta leƙo don ta tuna mana lokacin tashi. Ta hango ni, fuskarta ta washe, ta nuna ni da makulli ta gaya wa Misbahu cewa ba sai ta tsaya ba, wannan mutumin ya san inda ake mayar da komai.

Hasiya ta matso ta ce a hankali, "Baban Umaima, wai tun yaushe kake nan?" Na ce mata ya danganta da agogon da ta tambaya.

Dakta, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Ya karɓi abin magana ya ce al'umma ba za ta bar irin wannan baiwa ta tafi a banza ba, ya ba da shawarar a naɗa ni Shugaban Kwamitin Kujeru na dindindin, mai zuwa kafin kowa. Aka yi kabbara. Ni na kai kujerar Uban Taro ɗakin ajiya, bayan na jira ya tashi daga kanta.

Yanzu ƙungiyarmu ta sa taronta na gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, ranar da Masu Girma za su karɓe awarsu. A lissafina, ran nan zan makara da awa guda cur ba tare da wani ƙoƙari ba, in shigo a ƙarshe, a hankali, ina gyara hannun riga. Kuma wannan karon kowa zai kasance a tsaye.